Goggo Kashe-Firiza

Ku 'ya'yan Yaya Mansur, tun kuna koyon magana kuke kirana Goggo Kashe-Firiza, kuma ban taɓa hana ku ba. Sai dai ran sallar da ta wuce na ji babbarku tana ba ƙannenta labarin inda sunan ya fito: wai na zare fulogin firiza don in yi shara, sai na tsaya kallon girgije, hankalina ya tafi, na manta ban mayar ba, kifin babanku ya tafi a banza. Haka ake faɗinsa a gidan yanzu, ana dariya, don a rufa mini asiri. To ni ba na son wannan rufin. Gaskiya ne ina kallon girgije, har yau ina kallo, amma a ranar ban manta komai ba. Da hannuna na zare fulogin, rana tsaka, ina sane, kuma da za a mayar da ni ranar da na sake zarewa. Ban kai shekarun masu rubuta tarihinsu ba. Amma Kaka ta rasu, ni da iyayenku kaɗai muka rage cikin waɗanda suka san yadda aka yi, babanku kuwa ba mai son tuna wannan shekara ba ne.

A lokacin wutar gwamnati ta daɗe da barin Sabon Birni. Turakunta suna nan tsaye bakin hanya, ba su da aiki sai saukar tsuntsaye. Babanku, wanda ya riƙe gidanmu tun rasuwar iyayenmu, ya haɗa abin da yake da shi ya sayo sola hannun wani ɗan kasuwar Maraɗi: farantai a saman kwano, batura a ɗakin da ke kusa da zaure, da inbata, akwatin da ke raba wa gida wutar, mai ɗan gilashi a goshi. Dalilin sayen duka shi ne firiza, domin kifin ƙanƙara yake sarowa daga Sakkwato yana sayarwa, da shi muke ci. Ni kuwa na gama kwalejin ilimi na dawo gida ina jiran aiki, ga makarantu a rufe. Firamaren da ke bayan gidanmu ta cika da mutanen ƙauyukan wajen Gatawa, waɗanda 'yan bindiga suka tasa, mata da yara sun fi yawa, kowane aji da murhunsa a bakin ƙofa.

Daga cikinsu Dija ta fito. Bafulatana ce doguwa, ta manyanta, mayafinta ya koɗe har ba a gane launinsa. Ta yi sallama wata hantsi, ta tsaya bakin zaure ta ce ta ji an ce gidan nan akwai wuta, ta zo ɗiba. Kaka, mahaifiyar mahaifinmu, ba ta tambaye ta ko daga ina take ba. Ta dogara sandarta ta tafi murhu, ta ɗebo garwashi a tsingaro, ta rufa masa toka yadda ba zai mutu a hanya ba, ta miƙa mata. Dija ta dubi garwashin, ta dubi Kaka, sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wata 'yar waya da aka ɗaure da roba. Ni na fara dariya, sai mahaifiyarku ta kama, Dija ma ta rufe baki da mayafi. Kaka kaɗai ba ta yi ba. Ta tambaye ni abin da ke shiga cikin wayar nan, na ce caji. Ta ce ba da Turanci ta tambaye ni ba. Na ce wuta.

"To mi ya rage? Wuta ta ce, wuta kinka ce. Kai ta ta ɗiba."

A Alkalawa aka haifi Kaka, kuma ta tashi zamanin da ashana sai gidan mai hali. Ta ce a garinsu ko matar da kuka yi faɗa jiya, in ta aiko ɗibar wuta yau, ba ka da bakin hanawa, kuma mai ɗiba ba ya godiya, don gobe kai ne a ƙofarsa da naka tsingaron. Ba ta ga dalilin da zai sa wannan ta canza don kawai wutar ta koma bin waya ba. Kafin mako ya zagayo labari ya gama firamare. Wayoyi suka riƙa zuwa a kwano, a aljihun yara, a ƙullin zane, muna jera su kan tabarma kamar an shanya kuɓewa. Kowa in tasa ta cika yakan ɗauka ya tafi. Dija ce kaɗai ba ta tafiya. Batirin wayarta ya gaji, ba ya riƙe caji ko na rabin yini, ita kuwa ba ta yarda wayar ta mutu ko na ɗan lokaci. Ranar da aka tashi rugarsu an kora shanunsu, an tafi da ɗiyarta Hajo. Waɗanda suka tafi da ita sun karɓi lambar Dija, sun ce ta saurari kira. Tun daga nan take saurare. Takan zauna jikin bango kusa da soket, hannunta ɗaya a kan wayar, kamar mai jin zafin jikin jariri.

Yanzu sai in gaya muku wani abu game da babanku, don kada ku karanta wannan ku ɗauke shi mugu. A farkon daminar waccan shekarar aka tare motar da amininsa Sani yake ciki a hanyar Isa, bai dawo ba. Tare suka yi wasan ƙasa, tare suka fara sana'ar kifi. Mutanen gari suka ce ba yadda za a yi a san lokacin fitar motar sai da wani ya buga waya daga cikin gari. Daga ranar kowace waya a hannun baƙo ta zama abin zargi, ta hannun Bafulatani kuwa ba a ma tsayawa tambaya. A majalisa aka fara yi wa babanku habaici, wai gidansa ne gidan man masu kai rahoto. Yana so ya hana, amma ba ya iya duban idon Kaka ya ce a hana wuta. Sai ya biyo ta kaina. Ya kira ni Auta, kamar yadda ya saba tun ina goye, ya ce ni ce mai boko a gidan, daga yau ni ce mai kula da inbata. In sa ido in ga abin da ke cinye wutar, don batura sun fara sauka da wuri, in na gano in faɗa a gaban Kaka. Ya ƙara da cewa shi dai a ganinsa wayoyin nan ne.

Na karɓi aikin da murna, ban ga ramin da ke ƙarƙashinsa ba. Na ɗauko kujera 'yar tsugune na zauna gaban ɗan gilashin nan. A gefe guda yana nuna sanduna, su ne cikar batura, a ɗaya gefen lamba ce mai hawa da sauka gwargwadon abin da aka kunna. Sai na riƙa kashe komai, in kunna abu ɗaya, in ga yadda lambar za ta yi. A haka na san cin kowane abu a gidanmu kamar yadda makiyayi ya san cin dabbobinsa. Ƙwan fitila kurɓa yake yi. Fanka tana sha a hankali, ba ta ɗaga kai, kamar akuya a bakin kwatarniya. Dutsen gugar mahaifiyarku raƙumi ne, zuƙa ɗaya lambar ta yi tsalle inbata ya yi gurnani. Firiza kuwa ta fi kowa wayo: takan yi shiru kamar ta ƙoshi, can sai ka ji ta yi ajiyar zuciya ta kafa kai, ta yi ta yi, yini da kwana. Na kan zauna har in manta da kaina, ina tunanin rana ce fa ta sauko daga sama, ta bi waya, ta shiga akwati ta kwanta, muna tatsar ta da kaɗan-kaɗan. Da na zo kan wayoyi, na jona su duka, na tsura ido. Lambar ta ɗan motsa kamar mai gyara zama. Na zare ta Dija ita kaɗai, na mayar, na sake zarewa. Ko gezau. 'Yan tsaki ne, tsince-tsince suke a gefen turmi.

Ranar da zan ba da bayani, bayan la'asar ne, Kaka tana kan tabarma tana gyaran zogale, babanku yana tsaye jikin ƙofa. Na faɗi abin da na gani, da akuyar da raƙumin da 'yan tsakin, ban rage ba. Kaka ta yi dariya har da tari. Ta dubi babanku, da yake jikanta ne takan tsokane shi da maigida, ta ce ashe maigida ɓarawon hatsin nasa a cikin ɗaki yake kwana, shi yana jifan kaji a waje. Sai da na fita zaure ya biyo ni.

"Balkisu, ke ba ki gane abin da nika nuhi ba ne, ko ko ganewa kinka yi?"

Na ce na gane yanzu. Ya ce to in koma in gyara maganata, in ce na sake dubawa, Kaka ba ta san lamba ba, abin da na faɗa shi za ta ɗauka. Ina jin tsoron babanku a lokacin, kuma ina son sa fiye da tsoron. Duk da haka na ce masa in yana so ya kori matar nan, ya kore ta da bakinsa, ya faɗi dalilinsa na gaskiya kowa ya ji.

"Amma ba za ni ara maka idona ka yi ƙarya da shi ba, Yaya. Abin da gilashi ya nuna shi za ni hwaɗi."

Wannan ce rana ta farko da ya kira ni Balkisu.

Cikin watan marka ya cika firiza da kifi, sannan wata buƙata ta sake mayar da shi Sakkwato. Kafin ya fita ya bar mini umarni: in sanduna suka sauka, in zare komai, wayoyi da fitilu da fanka, in bar firiza ita kaɗai. Washegari sama ta rufe. Ba ruwa mai ƙarfi ba, yayyafi ne marar yankewa, gari ya yi launin toka, ba ka sanin safiya daga azahar. Farantan da ke saman kwano suka zama kamar bakin da aka ɗaure. Ina zaune ina kallon sanduna suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, abin da rana ta aiko bai kai abin da firiza ke haɗiya ba. Na bi umarninsa gwargwadon iyawata: na kashe fanka, na kashe fitilu, na ɓoye dutsen guga, na roƙi matan firamare su yi haƙuri da nasu wayoyin, suka yi. Wayar Dija kaɗai na bari. Duk da haka sanda ɗaya ta rage, ta koma ja, inbata ya fara wani ɗan kuka mai kama da na ɗan tsako da ya ɓace.

Ga abin da na sani a wannan azahar, kuma ina so ku auna shi da kanku. In na bar firiza, za ta ƙarasa abin da ya rage kafin yamma, inbata ya kashe kansa, gida ya zama ba wuta ko ta cika waya ɗaya. Daga nan duk ɗan abin da rana ta tsiyayo kullum ita za ta lashe, kuma mai yiwuwa da wannan lashe-lashen kifin ya kai har sama ta buɗe. Ba zan ce muku kifin ya riga ya mutu ba, don ban sani ba. In kuwa na kashe ta, abin da ya rage zai riƙe wayar Dija tsawon markar, ko da ta daɗe. Kifin abincinmu ne, da shi za a biya mini karatun digirin da babanku ya yi mini alkawari. Dija tana jikin bango, ba ta san ma'anar jan sanda ba, amma ta ji kukan, ta ga fuskata. Ta fara kwance wayarta daga soket da kanta, ta ce kada ta jawo mana ɓarna. Na je wurin Kaka na tambaye ta. Ta ce ita ba ta san wannan wutar ba, ni aka ba tsaronta. Ba ta ɗauke mini nauyin ba ko kaɗan, kuma na gode mata da hakan. Na koma ɗakin, na karɓi wayar daga hannun Dija na mayar, na sunkuya bayan firiza na zare fulogi. Gurnaninta ya tsaya. Ban taɓa jin gidanmu ya yi shiru irin na lokacin ba, sai ɗigar ruwa daga indararo.

Markar ba ta yi saurin tafiya ba. Da ƙanƙarar ta fara sakin ruwa, Kaka ta ce ba a gidanta za a bar abinci ya ruɓe ba. Aka kira matan firamare, kowa da wuƙarta da kaskonta, aka wanke, aka sa gishiri, aka soya wani aka yi bandar wani a ƙarƙashin rumfa da ɗanyen itace mai hayaƙi. Unguwa ta ɗauki ƙamshi. Yaran da suka yi watanni ba su ga nama ba suka yi ta yawo da kan kifi a hannu. Mahaifiyarku tana suya tana kuka, don ta san abin da ke tafe, kuma ba ta taɓa ɗora mini laifi da bakinta ba, Allah Ya saka mata.

Babanku ya dawo ranar da sama ta fara tsagewa. Tun daga bakin layi hancinsa ya gaya masa. Ya shiga ɗakin, ya ɗaga murfin firiza, ya daɗe yana kallon cikinta. Ya juyo ya tambaye ni ko batura ne suka mutu. Da na ce e, da magana ta ƙare a nan, kuma na ga a idonsa yana so in ce e. Na ce ba su mutu ba, ni na kashe ta. Yana buɗe baki ke nan sai wayar Dija ta yi ƙara.

Ya riga Dija kai hannu. Ya danna, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya riƙe ta a tsakiyarmu. Namiji ne, yana magana da gadara, yana tambayar uwar yarinya. Babanku ya dube ni, kallon da ke cewa kin gani ko. Sai aka ji a can ana jan wani, sannan wata siririyar murya ta ce, "Inna." Dija ta zube kan gwiwoyinta. Ta amsa da Fulatanci, kalma ɗaya take ta maimaitawa, ba sai an fassara mana ba. Babanku bai saki wayar ba, bai kuma kashe ba, ya riƙe mata ita daidai bakinta har aka gama. Sannan ya ajiye ta kan tabarma ya fita.

Kada ku zaci wannan ya wanke kowa. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa an kama Bafulatanar gidan Mansur tana waya da mutanen daji. Kuma ba ƙarya aka yi ba, da su ta yi waya. Wata maƙwabciyarmu ta tare ni a bakin rijiya tana faɗa mini haka, na ce mata to da wa kike so ta yi, da likita? Su ke riƙe da ɗiyarta. Duk wanda aka ɗaukar wa mutum a ƙasar nan da su yake waya, har da masu faɗin maganar. Daga ranar wasu suka daina amsa gaisuwata. Abokan cinikin babanku suka ja baya, ya daɗe bai sake cika firizar ba. Maganar digiri ba a sake tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba. Da makarantu suka buɗe na karɓi aikin koyarwa a Isa, inda nake har yanzu. Bai kore ni ba, bai zage ni ba. Ya dai ajiye Auta, bai sake ɗauka ba, kuma wannan ya fi mini digirin ciwo. Sau da yawa mahaifiyarku ta ce in je in ce masa na yi kuskure, ko da baki ne kawai, komai zai koma daidai. Na gaya masa na ji zafin asarar da na jawo masa, don na ji. Kuskure kuwa ban ce ba, ba kuma za ni ce ba.

Dija ta daina zuwa bayan kiran, ta bi danginta neman yadda za a yi. Abin da suka sayar da wanda suka roƙa ban sani ba. Sai bayan an yanke gero, wata safiya ina shara, na ji sallamarta. Babanku yana zaune a zaure ya miƙe ƙafafu ya tare hanya. Tana tsaye a waje, bayanta wata budurwa ce ramammiya, an aske mata kai, tana riƙe da gefen mayafin uwar kamar ƙaramar yarinya. Za su wuce Nijar wurin 'yan uwa. Na jira in ji godiya ko dogon bayani. Dija ta kwance bakin zanenta, ta fito da wayar nan mai roba.

"Mun zo ɗibar wuta," in ji ta.

Babanku ya dubi yarinyar. Ya janye ƙafafunsa suka wuce.

Firizar tana nan a ɗakin har yau, kun san ta, kuna shan ƙanƙararta. Ku ci gaba da kirana da sunan, ina son sa. Amma in za ku ba 'ya'yanku labarin, ku cire sharar, ku cire mantuwar. Ku ce goggonku ta duba gilashi, ta ga abin da ya rage, ta san na wane ne.